Matambayi Ba Ya Ɓata: Miyar Kuɓewa A Ƙasar Luwiziyana



Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura shekaru hamsin da suka wuce ya san cewa a da ba a ganin magidanci mai mutunci zaune a kasuwa yana cin abinci. Tuwo na gida ne. A zaure ake fito da shi da almuru, maƙwabta su haɗa akusa su yi ciyayya, baƙo kuwa ko daga ina ya fito ba ya kwana da yunwa muddin akwai gidan mai unguwa da na liman. Cin abinci a bainar jama'a na matafiya ne da 'yan dako da gwauraye. Har ma malaman fiƙihu sun lissafa cin abinci a tsakiyar kasuwa, ga wanda ba zaman kasuwar yake yi ba, cikin abubuwan da ke rage wa mutum kwarjini, har alƙali ya yi ɗari-ɗari da shaidarsa.

Yau kuwa zamani ya juya. Falken da ya yi sammako zuwa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ba zai dawo gida cin abincin rana ba. Ma'aikacin gwamnatin da aka tura Baure ko Zango ko Sandamu, alhali iyalinsa na cikin birni, tilas ya san mai tuwo da mai shayi. Tun da aka kafa Jihar Katsina a 1987 kai da kawowa tsakanin Daura da hedkwata ya ƙaru, sa'an nan zuwan kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 2019 ya daɗa tara ɗalibai da ma'aikata, gidajen abinci kuwa suka yawaita. Duk da haka a gida lamarin da sauƙi. Mahaucin Musulmi ne, Sarkin Pawa yana nan, ba wanda ke tsayar da mai tsire ya ce masa wa ya yanka wannan rago. Amma fa fatakenmu da ma'aikatanmu yanzu sun wuce Kwangwalam da Damagaram. Suna Dubai, suna Sin, suna Amurka, kuma a can tambayar da ba mu saba yi ba ita ce takan tsare wa mutum cikinsa da addininsa.

A cikin gidajen abincin da na shiga a ƙasashen waje, ban ga wanda ya fi gwada Bahaushe ba kamar irin na kudancin Amurka, waɗanda ke dafa abincin mutanen da ake kira Kajun. Dalili kuwa shi ne, in ka shiga gidan abincin Sinawa, idonka da hancinka su ne za su gargaɗe ka cewa kai baƙo ne, sai ka yi hattara. A gidan Kajun kuwa ƙamshin gida za ka ji. Ga kuɓewa, ga wake, ga shinkafa, ga tarwaɗa, ga barkono mai sa hawaye. Sai zuciya ta saki jiki, hannu ya riga hankali zuwa kwano.

Su wane ne Kajun

Asalinsu Faransawa ne da suka zauna a wani yanki na gabashin Kanada da ake kira Akadiya. A 1755 Turawan Ingila suka fara korarsu daga gonakinsu saboda sun ƙi yin rantsuwar cikakkiyar biyayya ga sarkin Ingila, aka loda su cikin jiragen ruwa aka warwatsa su, da yawa suka mutu a hanya. Daga wajen 1764 wasunsu suka fara isa Luwiziyana, ƙasar fadamu da tafkuna a inda kogin Misisifi ke shiga teku, kuma a 1785 jirage bakwai suka kawo wasu kimanin 1,600 daga Faransa. Talakawa ne, manoma da masunta da maharba, saboda haka girkinsu girkin talaka ne: tukunya ɗaya, abin da fadama ta bayar, da shinkafa don a ƙoshi. Sunan Akadiya ne bakin mutane ya tauna har ya zama Kajun. Garin Lafayet shi ne cibiyarsu har yau.

To, amma ba su suka fara ɗora tukunya a wannan ƙasa ba. Faransawa sun kafa birnin Niyu Oliyans a 1718, shekara guda bayan haka jiragen bayi na farko suka iso daga Afirka, ɗauke da irin shinkafa da mutanen da suka san nomanta. Wata masaniyar tarihi mai suna Gwendolyn Midlo Hall, wadda ta shafe shekaru tana bin tsofaffin takardun kotu da na gado na Luwiziyana, ta nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na bayin da Faransawa suka kawo a wancan zamani daga yankin Sanagal da Gambiya aka ɗebo su. A cikin ƙabilun da sunansu ya yawaita a takardun nan akwai Bambara da Mandingo da Wolof da Fulani da Yarbawa, kuma akwai Hausawa. Ran da na fara sanin haka sai da jikina ya yi sanyi, domin wa ya sani ko a cikinsu akwai wanda aka kama a tsakanin Daura da Katsina.

Musulmi da yawa ne a cikinsu. Sananne daga ciki shi ne Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori, ɗan sarkin Futa Jalo, wanda aka kama a yaƙi a 1788, aka bi da shi ta Niyu Oliyans zuwa garin Nacez a bakin Misisifi, ya yi shekara arba'in yana bauta kafin a sake shi a 1828, ya rasu a Laberiya a 1829. Irin waɗannan bayin Allah su ne suka riƙe madafan gidajen Turawa, hannunsu ne ya sa kuɓewa da wake da riɗi a tukunyar kudancin Amurka. Amma kuma ba su da ikon zaɓen abin da za su ci. Naman da iyayengiji suka fi raba wa bayi a gonakin auduga da rake shi ne naman alade mai gishiri, tare da garin masara. Ta haka ganyenmu da wakenmu suka haɗu da kitsen alade a tukunya ɗaya, suka kuma zauna tare har yau. Wanda ya gane wannan tarihi ya gane dalilin da ya sa abincin ya yi kama da namu, ya kuma gane inda tarkon yake.

Gayyatar da ba a ƙi

Abin da ya kai ni ƙasar nan shi ne ganin yadda suke noman shinkafa a kewayen garin Kirawli, wanda suke yi wa kirari da babban birnin shinkafa na Amurka. Mu uku ne daga gida: ni, da wani dattijo Alhaji mai fataucin hatsi, da wani saurayi ma'aikacin gona. Mai masaukinmu manomi ne Bakajune, Kirista ɗan ɗariƙar Katolika, wanda ya bar aikinsa kwana uku yana yawo da mu gona gona. A wurinsa na ga wata dabara da na so manomanmu na Daberam su gani. In sun yanke shinkafa sai su sake cika gonar da ruwa, wata 'yar halitta mai kama da jatan lande, mai ƙahonni irin na ƙaguwa, ta fito daga ramukanta tana kiwo a cikin ragowar karan, su kuwa su kafa mata tarko tun daga lokacin sanyi har zuwa bazara. Gona ɗaya, amfani biyu. Wannan jatan landen fadama shi ne abin alfaharin Bakajune, kamar yadda kilishi yake a wurinmu.

Ranar Juma'a, bayan mun sauko daga masallaci a Lafayet, sai mutumin nan ya ce yau shi ne zai ciyar da mu, a gidan abincin da ubansa ya saba kai shi tun yana yaro. A cikin mota muka fara shawara da Hausa. Alhaji ya ce shi fa tun da ya sauka ƙasar nan burodi da shayi yake sha, kuma a kansu zai tsaya har ya koma Daura, don ba ya sayar da lahirarsa saboda loma. Saurayin kuwa ya ce, “Haba Baba Alhaji, ai abincin Ahlul Kitabi halal ne, aya ce ta faɗa. Mu yi bisimilla mu ci abin da aka kawo.”

Na ce musu kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Gaskiya ne aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin waɗanda aka bai wa Littafi, amma aya ta 3 ta wannan sura ita ce ta haramta mushe da jini da naman alade, kuma ba wani malami da ya ce alade yana halatta don Kirista ne ya dafa shi. Shi kuma Alhaji, tsantseninsa abin yabo ne, sai dai mutumin da ya yi maka hidimar kwana uku, ya kai ka inda ubansa ya kai shi, in ka zauna ka naɗe hannu kana kallon kwanonsa kamar ƙazanta, ka ci fuskarsa, kuma abin da zai tafi da shi game da Musulunci ke nan. Tsakanin ci da ka da ƙin ci akwai hanya ta uku, watau tambaya.

Gidan katako ne mai faɗi, an shimfiɗa takarda a kan kowane tebur, ana kiɗa a wani lungu da wata 'yar garaya da akodiyan. Ƙamshin soyayyar albasa da barkono ya cika ko'ina. Da aka miƙo mana takardar jerin abinci, sunan farko da mai masaukinmu ya nuna shi ne gambo. Alhaji ya yi dariya ya ce ashe har Gambo ya riga mu zuwa, ina su Hasan da Husaini. Wannan gambo miya ce mai kauri da ake zuba wa shinkafa, kuma tun 2004 hukumar jihar ta ɗauke ta a matsayin abincin da ke wakiltar Luwiziyana. Sunan ya fito ne daga kalmar kuɓewa a harsunan ƙasashen Kwango da Angola, kuma ita ce kalmar da 'yan'uwanmu na Magarya da Damagaram waɗanda suka yi karatun Faransanci ke kiran kuɓewa da ita. Ana fara ta da soya garin alkama a cikin mai, ana juyawa a hankali har ya yi ja kamar ƙuli-ƙuli, sa'an nan a zuba albasa da koren tattasai da seleri, a kawo kuɓewa ko garin wani ganye da suka koya daga mutanen Cokto, 'yan asalin ƙasar, wanda aikinsa a miya kamar na kuka ne a wurinmu.

Abin da ke ƙarƙashin tukunya

Da yarinyar da ke kawo abinci ta zo, sai na gaya mata cewa mu Musulmi ne, ba ma cin alade ko abin da aka dafa da shi, ba ma kuma shan giya ko abin da aka zuba wa giya. Ta ce to sai mu ci wake da shinkafa da ganye, ai ba nama a ciki. Na roƙe ta, in ba damuwa, ta tambayo mana mai girkin. Jim kaɗan sai ga wata dattijuwa baƙar fata ta fito daga madafa tana goge hannu, wadda in ka gan ta a Kusugu da tulu ba za ka ce baƙuwa ce ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki takardar tana bi ɗaya bayan ɗaya.

Waken nan, in ji ta, da ƙashin cinyar alade ake dafa shi tun safe har ya narke. Ganyen ma haka, da ƙafar alade mai hayaƙi. Jambalaya, wadda ba ta da maraba da dafadukarmu a ido, da wani tsiren hanji na alade ake yin ta, wanda suke kira andui. Budan kuwa naman alade ne da shinkafa aka ɗura a hanji. Miyar kififiya ana ɗiga mata giya kafin a kawo. Abin zaƙin da ake ci a ƙarshe, na burodi da madara, romon da ake zuba masa da barasa ake haɗa shi. Yarinyar ba ƙarya ta yi mana ba. A wurinta ƙashi da kitse kayan ɗanɗano ne kamar daddawa, ba ta lissafa su cikin nama. Wannan shi ne abin da nake so kowane matafiyi ya riƙe: in ka ce akwai nama a ciki, za a ce maka babu, kuma da zuciya ɗaya. Sai ka ce da me aka dafa, da wane mai aka soya, me kuma aka soya a cikin man kafin nawa.

Saurayinmu ya ce, “To Malam, in aka kawo jambalayar ba sai in tsince yankan naman in ajiye gefe ba?” Na ce masa wannan mas'ala malamanmu sun gama da ita tun tuni. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Daura har gobe, an bayyana cewa man da najasa ta cuɗanya da shi, da naman da aka dafa da najasa, da ƙwan da aka dafa a cikinta, ba sa karɓar tsarki. Abin da ya dahu tare ya zama ɗaya. Haka kuma zancen da ake yi cewa wuta tana cinye giya bai tabbata ba, domin binciken ma'aikatar gona ta Amurka kanta ya nuna cewa abincin da aka zuba wa barasa aka kunna masa wuta, kimanin kashi 75 cikin ɗari na barasar yana nan, wanda kuma aka bari ya dahu rabin sa'a, wajen kashi 35 yana saura.

Sai dai Allah Ya sa mun zo a sa'a. Watan Maris ne, lokacin azumin Kiristoci na kwana arba'in kafin Ista, kuma 'yan Katolika ba sa cin naman dabbar tudu ranar Juma'a a cikin wannan lokaci. Saboda haka, in ji dattijuwar, gambon ranar na kayan ruwa ne zalla, da man gyada ta soya garin, tarwaɗar kuma tana da kaskonta dabam wanda ba a sa kome a ciki sai kifi. Tukunyar jatan landen ma, wadda a sauran ranaku akan jefa mata tsiren alade tare da masara da dankali, yau ba a sa ba. Ta ce in da jiya muka zo, da ita da kanta za ta hana mu gambon. Ashe azumin wasu ne ya buɗe mana tukunya.

Damo da fara

Aka kawo gambo da shinkafa, da tarwaɗa da aka tsoma a garin masara aka soya, da soyayyar kuɓewa. Da na kai loma ta farko, sai na tuna miyar kuɓewa ɗanya da kifin Daberam, sai dai tasu ta fi duhu, tana da ɗan ɗanɗanon ƙauri mai daɗi daga garin nan da aka soya. Alhaji ya yi bisimilla ya ci tarwaɗa biyu, abincin kirki na farko da ya shiga cikinsa cikin kwana biyar.

Sa'an nan aka zo da babban faranti aka juye jatan landen nan a kan takardar tebur, jajaye wur, tuli guda, suna tururi. Alhaji ya ja da baya ya ce wannan ai kunama ce. Mai masaukinmu ya nuna mana yadda ake murɗe kan, a ɓare wutsiyar, a zaro ɗan naman da bai fi yatsa ba. Ni da saurayin muka ci, Alhaji ya ce shi dai a bar shi da kifi.

Ba wanda ya yi laifi a cikinmu. A mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi a ƙasar nan, duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ba ya kuma bukatar yanka, bisa ga aya ta 96 ta Suratul Ma'ida da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa game da tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. Hanafawa su ne suka taƙaita a kan kifi kaɗai, shi ya sa za ka ga abokinka ɗan Pakistan ko ɗan Turkiyya ya kauce wa ƙaguwa da kawa, kada ka yi masa gardama. Har kada, wanda su Kajun ke yanka wutsiyarsa su soya, Malikawa sun lissafa shi cikin dabbobin ruwa ko da yana daɗewa a tudu, alhali Shafi'awa da Hambalawa sun hana shi. Wani abin mamaki, da na faɗi haka sai mai masaukinmu ya ce su ma an taɓa yin wannan tambaya, kuma a 2010 babban limamin Katolika na Niyu Oliyans ya amsa cewa kada cikin dangin kifi yake, ana iya cinsa ranar Juma'ar azumi.

Shi kuwa Alhaji yana da madogara mai ƙarfi. Ya tabbata a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo, ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haram ne, ya amsa masa cewa ba haram ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai so. Halidu ya jawo ya ci a gabansa. A nan aka raba mana tsakanin abin da shari'a ta hana da abin da rai ya ƙi, kuma yawancin rigimar da matafiyanmu ke yi da abincin baƙi daga cakuɗa biyun nan take tasowa. Da na ba mai masaukinmu labarin yadda muke soya fara da yaji mu ci da kaka, sai ya yamutsa fuska daidai yadda Alhaji ya yi wa jatan landensa, duka teburin aka fashe da dariya.

Akwai soyayyar kaza a takardar, kuma kudancin Amurka sun shahara da ita, amma ba mu taɓa ta ba. Malamai sun saɓa game da naman da ke fitowa daga manyan mayankan ƙasashen nan, inda inji ke yanka dubbai a sa'a guda: wasu sun sauƙaƙa bisa ga ayar Ahlul Kitabi, wasu sun tsananta saboda yadda ake sumar da dabba da rashin ambaton sunan Allah. Ni dai abin da na zaɓar wa kaina shi ne, inda kifi ya wadata ba ni da bukatar shiga saɓani. Giya kuwa, wadda bisa al'adarsu ita ke rakiyar jatan lande, mai masaukinmu da kansa ya ce a kawo wa kowa shayi mai ƙanƙara, har da shi. Ban roƙe shi ba. Tun da ya ji yadda muka yi wa yarinyar bayani cikin ladabi, ya gane da kansa, ya kuwa hutar da mu daga zama a teburin da ake zagayawa da giya, abin da hadisi ya hana.

Wani haƙƙi kuma da baƙo kan manta da shi shi ne tukuicin mai kawo abinci. A Amurka dokar tarayya ta yarda a biya irin waɗannan ma'aikata dala 2.13 kacal a sa'a, adadin da bai canja ba tun 1991, bisa zaton cewa tukuicin masu ci zai cike sauran. Al'ada ita ce a ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin abinci. Wanda ya tsananta bincike a kan kitsen alade, sa'an nan ya tashi ya bar yarinyar da ta yi ta zirga-zirga dominsa hannu wofi, ya tsare cikinsa daga haram ya kuma tafi da gumin wani. Mai masaukinmu ya biya kuɗin abinci, mu kuma muka roƙe shi ya bar mana tukuicin, Alhaji ya ninka shi, ya ce a ba dattijuwar rabi.

Abin da ya shafe mu a gida

Na daɗe ina tunanin dattijuwar nan. Da ta ga dama da ta ce mana kome lafiya, ta sayar da kwano biyar maimakon uku, ba kuwa yadda za mu yi mu gane. Abin da ya tsaya tsakaninmu da haram a daren nan gaskiyar mai girki ce. Haka abin yake a ko'ina: duk wanda ya ci abincin da bai ga dahuwarsa ba, amana ya ci. To, mu da muke alfahari da cewa a garinmu ba a tambayar wa ya yanka, sai mu tambayi kanmu ko amanar nan tana nan yadda iyayenmu suka bar ta. Alƙur'ani in ya ambaci halal a wajen abinci yakan haɗa shi da mai kyau, mai tsabta. Naman dabbar da ta kusa mutuwa da cuta aka yi maza aka yanka, da man da aka soya abu da shi har ya yi baƙi, da waken da aka zuba wa maganin ƙwari aka kai kasuwa kafin ƙarfinsa ya fita, da miyar shekaranjiya da aka ɗumama aka ce ta yau ce, duk ba alade a cikinsu, amma ba wanda zai ce masu kyau ne. Mai gidan abincin da aka tambaye shi ya ɓoye, ya ci amanar da wata Kirista a Luwiziyana ta tsare.

Sa'an nan mu tuna cewa tarihin garinmu, kamar yadda aka gada, da baƙo ya fara, wanda ya sauka da dare ya roƙi wata tsohuwa ruwa, ta kuwa gaya masa gaskiyar abin da ke cikin rijiya kafin ya tafi da guga. Yau baƙi na zuwa Daura daga kudu da ƙasashen waje, don karatu da aiki da kallon hawan Sallar Gani. A cikinsu akwai wanda likita ya hana shi gishiri, da wanda gyada ke tayar masa da ciwo, da wanda addininsa ya hana shi wani abin da namu ya halatta. In ya tambaya me ke cikin miya, kada a ɗauka raini ne, a ba shi amsa yadda muke so a ba mu a ƙasarsa.

Ga ɗan'uwa falke ko ma'aikaci da tafiya za ta kai shi irin wannan wuri, shawarata ita ce ya faɗi ko shi wane ne tun kafin a kawo kwano, da sakin fuska, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ya nemi mai girkin in ya samu hali. Ya fi sa ido a kan wake da ganye da romo da mai, don a nan abin yake ɓuya. Ya riƙi kifi da kayan ruwa, ƙofa ce mai faɗi da mazhabarmu ta buɗe masa. Abin da ransa ya ƙi ya bar shi ba tare da ya kira shi haram ba, abin da kuma ya tabbata haram ne ya bar shi ko da wa ya miƙo masa. In an ba shi amsa bayyananniya ya karɓa ya yi bisimilla, kada ya bi waswasi har ya hana kansa abin da Allah Ya halatta.

Allah Ya ciyar da mu halal mai kyau a gida da daji, Ya jiƙan bayinsa da aka raba da ƙasarsu aka tilasta musu cin abin da ba su so, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya.